Dambe, Kokawa da Yamutsi

Sa'ad da muke juya wasiƙun Bulus Manzo zuwa Hausa, kalmomin faɗa sukan tsai da mu, gama Bahaushe ba ya zuba su a kwando ɗaya. Dambe yana da fage, da makaɗa, da mai rabo. Kadan ɗaya ya taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan, magana ta ƙare. Haka kokawa. Bulus kuwa bai ji kunyar buga misali da su ba, dambe cikin 1 Korantiyawa 9:26, kokawa cikin Afisawa 6:12.

Amma kadan aka ce faɗa ya kaure a kasuwar Bangi, har ya zama yamutsi, wani abu dabam ake nufi. Ba fage, ba mai rabo, sanda takan sauka a kan wanda ya zo sayen gishiri. Irinsa aka yi a Afisa (Ayyukan Manzanni 19): taro ya yi ta ihu wajen sa'a biyu, yawancinsu ba su ma san abin da ya tara su ba. Ɗan dambe ya san abokin karawarsa, ya san lokacin dainawa. Mai yamutsi bai san ko ɗaya ba.

Cikin 1 Timoti 3:3 an hana shugaban ikilisiya zama mafaɗaci. Kalmar Helenanci tana nufin mai kai duka. To, 'yan'uwa, dattijon da bai taɓa ɗaga hannu ba, amma yakan zuga samari daga baya, da wane suna za mu kira shi?