Gani Ba Ci Ba: Me Ke Kan Wanda Ya Leƙa Cikin Wani?

Ƙaramin hanjin ɗan Adam ya kai kusan mita 6, a naɗe cikin ciki. Bututun kyamarar da likitoci ke zurawa ta baki a farkonsa yake tsayawa, wanda ake zurawa ta dubura kuma ƙarshensa kawai yake taɓawa. Tsakiyar ta daɗe cikin duhu. A 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani kafso da injiniyan Isra'ila Gavriel Iddan ya ƙirƙira, da taimakon likitan Landan Paul Swain. Tsawonsa milimita 26 ne, ɗauke da kyamara da fitila da batir. A haɗiye shi da ruwa, ya yi kusan awa 8 yana aika dubun dubatar hotuna zuwa na'urar da aka ɗaura a ƙugu, sannan ya fita da bayan gida. Da shi ake gano jijiyar da ke tsiyayar jini, da ƙari, da gyambon cutar Crohn.

Sai dai kafson ido ne kawai, ba shi da hannu. Ba ya tsayar da jini, ba ya gutsuro tsoka a gwada. Shin adalci ne a nuna wa mutum ciwon da ba shi da halin magancewa?

A ƙasar Gobir tambayar tana da nauyi. Manomi daga ƙauyen Sabon Birni ko Isa, wanda jininsa ke ƙarewa ba a san dalili ba, kafin ya ga ƙwararren likita a Sakkwato sai ya sayar da bisashensa, ya kuma bi hanyar da 'yan bindiga suka hana sakat. Wasu danginsa ma suna gudun hijira a jihar Maraɗi. Wani zai ce a ƙyale bawan Allah, kada a ɗora masa sunan cuta a kan talauci.

Ban yarda ba. Ciwon da ba shi da suna ba ya zama haka; mutane ne ke raɗa masa. Sai a ce sammu ne, ko jifa, a nuna kishiya ko ɗan'uba da yatsa. Gida ya watse, kuɗi su ƙare daga wannan mai magani zuwa wancan. Hoton da ya nuna jijiya na zubar da jini yana wanke wanda aka zarga, ko da bai warkar da mai jinya ba.

Amma gani bashi ne. A aikinmu na rubuta manhaja, kwamfuta kan rubuta rahoton duk kuskuren da ta ci karo da shi, kuma rahoton da ba wanda zai yi aiki da shi ɓarnar wuri ce. Haka hoton hanji. Kafson kan maƙale a hanjin mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, wani lokaci sai da tiyata ake ciro shi. Duk wanda ya ba mutumin Isa ya haɗiya, wajibinsa ne ya san yadda zai dawo asibiti in bai fito ba.

Bashin yana kuma da jeri. A fadamun gulbin Rima, inda ake noma ba takalmi, tsutsar ciki mai shan jini ta fatar ƙafa take shiga, ta kuma zauna a wannan ƙaramin hanjin. Gwajin bayan gida da madubin likita yana gano ƙwanta, albendazol da maganin ƙarin jini su gama da ita. Al'ummar da ba ta samar da wannan a asibitin ƙauye ba, ba ta da bakin alfahari da kafso a birni.

Hausawa sun ce gani ba ci ba, da kare bai kwana da yunwa ba. A bar wa mai jinya haƙƙinsa na sanin abin da ke cinsa. Likita da hukuma da mu masu hali kuwa, daga ranar da muka gani, uzurin rashin sani ya faɗi a kanmu.