A Fito da Tsohuwar Kwamfuta, Akwai Gayya

Ku masu shagunan buga takardu da ke Kado, da masu gyaran waya, da malaman makaranta, da masu riƙe lissafi a kasuwar kifi, da ku nake. Kusan kowannenku yana da wata kwamfuta da ya yi wa ritaya. Sai ta ɗauki minti biyar kafin ta buɗe, shi ya sa aka je Banex aka sayo wata, ita kuma aka tura ta ƙarƙashin tebur, aka ɗora mata kwalin takarda. Ku jawo ta, ku kaɗe mata ƙura. Da sauran ƙarfinta, kuma akwai masu nemansa.

Masana kimiyya kan haɗu da lissafin da ya fi ƙarfin kwamfutocin jami'arsu. Sai su yayyanka shi ƙanana, su rarraba ta intanet ga duk wanda ya yarda ya ba da aron tasa. Kowace ta yi nata rabon, ta mayar, a haɗa. Gayya ke nan, kuma a gayya ba a korar dattijo don kunyarsa ɗaya ce a lokacin da saurayi ya yi uku. Manhajar da ke raba yawancin wannan aiki sunanta BOINC, David Anderson ya fara ta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2002, kuma kyauta ce. Ba a biyan kowa sisi, gara ku ji tun yanzu. Maki kawai ake rubuta wa mutum.

Abin da ya kamata ya taɓa mana zuciya shi ne, an daɗe ana yin gayyar nan a kan matsalolinmu ba mu a wurin. A 2006 wata cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Basel a Suwizalan ta buɗe malariacontrol.net, mutane suka ba da kwamfutocin gidajensu ana lissafin yadda zazzaɓin cizon sauro ke yaɗuwa da irin tasirin da gidan sauro ko rigakafi zai yi. A 2019 Jami'ar Delft ta Holan ta kawo aikin hasashen ruwan sama a Afirka kudu da Sahara, a dandalin World Community Grid wanda IBM ya kafa a 2004. Ruwan da manomin Bwari da na Kuje ke ɗaga kai suna jira, wani yana can cikin sanyi yana ƙona wutarsa don a gane lokacin zuwansa. Haba, mu da abin ya shafa ai bai kamata a neme mu a rasa ba!

Sai dai a zaɓa wa tsohuwa kayan da za ta iya ɗauka. Kowane yanki na aiki yana zuwa da wa'adi, in ya wuce ba a mayar ba, wahalar ta tashi a banza. Folding@home, wanda ya yi suna a 2020 lokacin korona, wa'adinsa gajere ne kuma ya fi son injuna masu ƙarfin katin hoto, a bar wa yara masu sababbi. Aikin yanayi na Oxford kan shafe makonni a kan yanki guda. Shi kansa aikin ruwan saman Afirka yana cin ƙwaƙwalwa da data sosai, duk son da nake masa ba zan ce a ɗora wa mai ƙwaƙwalwar giga biyu ba. Mai irin wannan ya nemi Mapping Cancer Markers a World Community Grid, mai binciken alamomin ciwon daji, yankunansa marasa nauyi ne. Ko ya gwada Einstein@Home, inda a 2010 kwamfutocin wasu mata da miji a jihar Iowa da wani Bajamushe suka gano wani tauraro mai juyawa da ba a san da shi ba. Mai son lissafi ya duba GIMPS, da ke farautar manya-manyan lambobin da ba sa rabuwa tun 1996. Suna da aikin sake tantance abin da wasu suka riga suka gwada, wanda ya dace da injin mai tafiyar hawainiya, ba ya cin data, kuma yana ajiye inda ya tsaya, in an ɗauke wuta ya ci gaba daga nan.

To, ga maganar wutar. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, ba wanda ke barin na'ura a kunne don nishaɗi. Kada wani ya tayar da janareta saboda wannan. Amma ku dubi rufin shaguna da gidajen unguwar nan, sola ko'ina. Kafin azahar batir ya cika, rana tana ta dukan faifan, wutar ba inda take zuwa. Wannan rarar ita za ku bayar. A cikin BOINC a saita sa'o'in aiki daga hantsi zuwa la'asar, a ce ta tsaya in laftof ya koma kan batir, ta kuma dakata da zarar kwastoma ya zo aka taɓa madannai. A ba ta rabin ƙarfin injin kawai, musamman a zafin Maris da Afrilu. Lokacin hunturu a buɗe murfi a hure fanka, a ɗaga laftof a kan wani abu iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Kwamfutar ofis kuwa, sai maigida ya ce to.

BOINC na ba da damar kafa ƙungiya, makin kowa ya taru wuri ɗaya ƙarƙashin suna guda. Mai shago ya yi wa maƙwabcinsa magana, mai gyara ya saka wa waɗanda ba su iya ba, ku zaɓi Najeriya a wajen rajista, ƙungiyar kuma ku sa mata suna Kado.