Sha'awar Tarihin Yaƙi da Hukuncinta a Ma'aunin Ɗabi'a

Da yawa daga cikin masu karatun tarihin yaƙe-yaƙe a wannan zamani sun samu sha'awarsa ne daga kallon fim tun kafin su buɗe littafi. Wanda ya kalli Saving Private Ryan, fim ɗin da Steven Spielberg ya fitar a 1998, yakan so ya san yadda saukar dakarun ƙawance a gaɓar Nomandi ta kasance ranar 6 ga Yuni 1944, haka kuma wanda ya kalli fim ɗin Umar Mukhtar, wanda Mustafa Akkad ya shirya, yakan nemi labarin gwagwarmayar mutanen Libiya da Italiya har zuwa rataye dattijon a 1931. Sai dai abin da mai kallo yake jin daɗinsa a nan kwaikwayon kisa ne da rushe garuruwa, saboda haka ya dace a tambaya ko sha'awar da ta tsiro daga irin wannan jin daɗi abar yabo ce ko abar zargi.

Masanan falsafa na Girka sun saɓa a kan wannan mas'ala. Aflatun ya yi zargin cewa wasan kwaikwayo yana ciyar da ɓangaren rai da ke bin son zuciya, yana raunana hankali, wanda shi ya kamata ya yi mulki. Almajirinsa Aristotal kuwa ya lura cewa ɗan Adam yana jin daɗin kallon siffar abin da zai guje wa ganinsa a zahiri, kamar gawa, domin kallon kwaikwayo hanya ce ta koyo, kuma ya ƙara da cewa wasan baƙin ciki yana tayar da tsoro da tausayi sannan ya tace su daga zuciya. Kowannensu ya riski wani ɓangare na gaskiya, domin fim guda yana iya koya wa wani tausayi, ya kuma koya wa na kusa da shi kwaɗayin riƙe bindiga.

Koyarwar Musulunci ta raba abubuwa biyu da masu kallo sukan cakuɗa, wato sanin yaƙi da begen yaƙi. Aya ta 216 a Suratul Baƙara ta siffanta yaƙi da cewa abin ƙi ne ga rai ko da a lokacin da ya zama wajibi, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana fatan haɗuwa da abokin gaba, ya yi umarni da roƙon Allah zaman lafiya. Duk da haka malamai irin su Ibn Ishaƙ da Waƙidi sun tattara labaran magazi, wato yaƙe-yaƙen zamanin Annabi (SAW), kuma an karantar da su a makarantun zaure ƙarni bayan ƙarni. Wannan yana nuna cewa ilimin yaƙi ba shi da aibi, abin tsoro shi ne zuciyar da ta koma tana marmarinsa.

Matsalar fim ita ce yana zaɓen abin da zai nuna, kuma zaɓinsa yakan faɗa kan abin da ke motsa jini. An ruwaito daga Truffaut, mai shirya fina-finai ɗan Faransa, cewa da wuya fim ya nuna fagen fama ba tare da ya ƙawata shi ba, ko da niyyar mai shi ita ce sukar yaƙi. Akwai hujjar da ke rage ƙarfin wannan ra'ayi, domin a Disambar 1930 magoya bayan Nazi sun tarwatsa nuna fim ɗin All Quiet on the Western Front a Balin har aka haramta shi, saboda sun gane yana sanyaya gwiwar matasa. Amma ko fim mai gaskiya irin wannan yana da iyaka, tun da yunwa da zazzaɓi da jiran watanni a rami ba su cika ɗaukar hankalin mai kallo ba.

A nan ne karatun tarihi yake da aikin yi. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya soki marubutan da ke karɓar adadin sojoji ba tare da auna shi da girman ƙasa da abincin da za ta iya samarwa ba, kuma wannan tsantseni shi ne abin da mai kallo yake buƙata. Wanda ya bi shi zai gano cewa Tarayyar Sobiyet ta rasa kimanin mutum miliyan 27 a Yaƙin Duniya na Biyu, mafi yawansu farar hula, kuma zai gano cewa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda akwai Hausawa da yawa a cikinsu, sun fafata da Japan a dazuzzukan Bama, alhali manyan fina-finai ba su cika ambatonsu ba.

Ke nan hukuncin wannan sha'awa yana rataye ne ga inda ta kai mai ita. Idan ta tsaya ga haddace sunayen tankoki da janar-janar, to zargin Aflatun ya hau kanta. Idan kuwa ta kai shi ga tambayar wanda ya mutu, da wanda ya ba da umarni, da wanda aka manta da shi, to ta zama izina, wato darasin da ke hana mutum gaggawar kiran yaƙi a kan al'ummar da ba shi zai binne gawarwakinta ba.