Akwati Ne Ke Ɓata Yaro, Ko Maƙwabci Ne Ya Kau Da Kai?

Akwai wani tsibiri a tsakiyar tekun Atlantika mai suna Sant Helena, yana ƙarƙashin Ingila, mutanensa ba su kai dubu biyar ba. Nan Turawan Ingila suka tsare Napoleon har ya mutu a 1821. Kafin jirgin sama ya fara jigilar fasinja a 2017, sai mutum ya yi kwana biyar a jirgin ruwa daga Cape Town kafin ya isa.

Talabijin bai shiga tsibirin ba sai 1995. Da wasu malaman jami'a daga Ingila suka ji haka, sai suka je suka ɗauki hotunan yara a filin wasan makaranta, kafin zuwan akwatin da kuma bayansa, su ga ko faɗa da rashin kunya za su ƙaru. Shekaru suka yi ana wannan aiki, ba su ga ƙarin a zo a gani ba. Dalilin da suka bayar kuwa mun san shi sarai: wuri ne da kowa ya san ɗan wane ne, yaro ba ya aikata abu a kan hanya labari bai riga shi isa gida ba.

To, mu a nan Sabo kullum kukanmu ke nan, wai waya da fim sun lalata mana yara. Da gaskiya a ciki. Amma mu tambayi kanmu, yaushe rabon da dattijo ya tsawata wa ɗan maƙwabcinsa, uban ya zo ya yi godiya? Yanzu sai dai ya zo da faɗa. Mu da ke zaune cikin wasu ƙabilu, abin da ya riƙe mu tun zamanin fataken goro shi ne ɗa na kowa ne. Wannan mu muka sake shi, ba akwati ba.

Sai dai kada mu yi saurin wanke na'ura tas. Akwatin 1995 a falo yake, uwa na gani, tasha ma kaɗan ce. A 2021 aka kai wa tsibirin reshen igiyar intanet ta ƙarƙashin teku ta Google, mai suna Equiano, wadda ta sauka a Legas a 2022, ta kuma fara musu aiki a 2023. Da can duk tsibirin ta tauraron ɗan adam yake samun intanet, ga tsada ga jan jiki. Ba mai hankalin da zai ce a hana su. Matasansu da yawa suna ci-rani a Ingila da tsibiran Falkland, kuma mun san darajar jin muryar uwa daga nesa, mu da iyayenmu ke Kano da Sakkwato.

Amma fa abin da igiyar ta kawo yana shiga aljihu, yaro ya shige ɗaki da shi ƙarfe biyun dare. Binciken can ya auna abin da ake yi a fili ne, inda idon maƙwabci ke kaiwa. Ƙarƙashin bargo kuwa, ko a Sant Helena ba maƙwabcin da ke gani.