Wa ke da ikon zana gobe?

A ranar 7 ga Janairu 1934 jaridun Amurka suka fara buga wani labari cikin zane mai suna Flash Gordon, aikin Alex Raymond, domin yin gogayya da Buck Rogers, wanda ya riga shi fitowa tun 1929. Jarumin ya hau roka zuwa duniyar Mongo, inda ya kara da azzalumin sarki Ming. A 1936 labarin ya isa Faransa da sunan Guy l'Éclair. Yaran da suka karanta shi sun girma har suka ga mutum ya taka wata a 1969.

Sai dai a dubi fuskokin da kyau. Mai ceton duniya Ba'amurke ne farin fata, azzalumi kuwa an ba shi suna da kamannin mutanen Sin, daidai da tsoron da Turawan lokacin ke yi wa mutanen Asiya. Ashe mai zana gobe yana raba matsayi: wane ne jarumi, wane ne dodo, wane ne ba a gani sam. Wannan hukunci ne na ɗabi'a, ko da an yi shi da sunan nishaɗi.

Wani zai ce al'ummar da ke fama da fari ba ta da lokacin mafarkin taurari. Gure ta amsa wannan. A can tuddan rairayi na barazanar binne kwarurukan da ake noman dabino, kuma mutane na kafa shingen rassa, suna dasa itatuwa don tsayar da su. Wanda ya dasa icen da ba zai sha inuwarsa ba, ai ya riga ya ga goben a zuciyarsa. Da hasashe aikin ya fara.

Hausa ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage: a 1969 ɗin nan Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaron ƙasar Hausa ya zaga sararin samaniya.

Saboda haka malamin da ya ba ɗaliba takarda ya ce ta zana Gure bayan shekara 100, ba ɓata lokacin darasi yake ba. Idan ba ta zana kanta a ciki ba, wasu za su zana goben, kuma ba lalle su bar mata wuri ba.