Mai-bi da Littafin Lissafi

Ya ɗan'uwa, kai da ka fara bin Yesu Almasihu a birnin Sakkwato, wataƙila akawu ne kai a ofis, ko ma'aji, ko masinja mai ɗaukar takardu. Wata rana babbanka za ya kira ka, ya ce masu-bincike suna zuwa, ka ɓoye littafin nan, ko kuwa ka sake rubuta rasit ɗin can. Me za ka yi? Gara ka shirya amsarka tun ranar ba ta zo ba.

Lissafi ba raini ba ne

Waɗansu suna tsammani wanda aka ce ya kawo lissafi an maishe shi ɓarawo. Ba haka ba ne. A zamanin sarki Yowash, Yehoyada firist ya huda murfin akwati, ya ajiye shi kusa da bagadi domin kuɗin gyaran Haikali. Sa'anda kuɗi suka taru, magatakardan sarki da babban firist su kan ƙidaya su tare, ba mutum ɗaya shi kaɗai ba. Manzo Bulus kuma, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya so waɗansu 'yan'uwa zaɓaɓɓu su tafi da ita tare, kada a sami abin zargi. Idan manzo bai ƙi idon shaida ba, kai fa?

Abin da dokar ƙasa ta shimfiɗa

Tsarin Mulki na 1999, sashe na 125, ya sa kowace jiha ta kasance da Babban Mai-binciken Kuɗi. Yana da iko ya duba dukan littattafai da takardun kuɗin jiha, ba shi kuwa ƙarƙashin umurnin kowa cikin aikinsa. Bayan ya karɓi lissafin shekara daga hannun Babban Akanta, yana da kwana 90 ya miƙa rahotonsa ga Majalisar Dokoki. Sashe na 128 da na 129 sun ba Majalisa iko ta yi bincike, ta aika wa mutum sammaci. Wanda ya ƙi zuwa ba da hujja ba, a kan ba da takardar kamo shi, a ɗora masa kuɗin wahalar, har da tara. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 kuma ta yanka ɗaurin shekara 1 a ƙalla ga ma'aikacin da ya lalata takardun da ke hannunsa da gangan, ko ya sauya abin da ke ciki kafin ya miƙa su.

Ka lura da kyau: hannun da ya yaga takarda shi a kan kama. Babban da ya umurce ka da baki ba ya barin sawu, amma sa hannunka yana nan. Kuɗin da a ke ɓoyewa kuwa ba na babban ba ne. Maganin asibiti ne, albashin malamin makaranta ne, rijiyar ƙauye ce.

Shiru ma laifi ne

Attaura ta koya mana, mutumin da ya gani ko ya sani, aka kira shaidu ya yi shiru, alhaki yana wuyansa. Ka tuna da Ebed-melek, mutumin Kush, bawa a fadar sarki Zadakiya. Hakimai suka jefa annabi Irmiya cikin rijiya mai laka. Baƙo ne shi, duk da haka ya tafi gaban sarki ya faɗi muguntar da aka yi, ya ɗauki igiya da tsummoki ya fid da annabin. Ubangiji kuwa ya yi masa alkawari za ya tsira da ransa ranar faɗuwar birnin.

Akwai kāriya ga mai-faɗin gaskiya. Dokar hukumar ICPC ta 2000 ta hana bayyana sunan wanda ya kai mata labari. Dokar 2011 ta tsare ma'aikacin da ya bayyana ɓarna da kyakkyawar niyya, kada a kai shi ƙara saboda haka. A Disamba 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shirin ba mai-kwarmato lada, kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Amma ba za mu ruɗe ka ba. Shiri ne na gwamnati, ba doka ce ta Majalisa ba, mai-faɗin gaskiya kuma ya kan sha canjin wurin aiki, da jinkirin girma, da ƙiyayyar abokai. Kada ka yi domin lada. Ka yi domin Allah yana gani.

Ka tsare harshenka kuma

Zargi ba hujja ba ne. A 1943 aka zargi Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da cin kuɗin jangali, aka yanke masa hukunci, ya ɗaukaka ƙara, aka wanke shi. Idan suna irin wannan ya taɓu da zargi, ina sunan ƙaramin ma'aikaci? Saboda haka ka kiyaye waɗannan:

1. Kada ka sa hannu ga abin da ka sani ƙarya ne.
2. Ka faɗi abin da idonka ya gani kaɗai, da ranarsa da adadinsa.
3. Ka kai maganar wurin masu-ikon bincike, ba kasuwa ba.
4. Ka gwada zuciyarka, ko ƙyashi ne ko ramuwa ke tura ka.
5. Idan kai ma ka taɓa ci, ka tuba, ka mayar, kamar yadda Zakka ya yi.

Ku dattawan ikilisiya, idan ɗan'uwa ya rasa abincinsa saboda gaskiya, kada ku bar gidansa da yunwa. Ku kuma sa mutum biyu su riƙa ƙidaya baiko, a karanta lissafi a gaban jama'a.

Gama dukanmu za mu ba da lissafi a gaban kursiyin Almasihu, inda ba littafin da za ya ɓace.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba ni hannu mai-tsabta da baki mai-gaskiya. Ka cire mini tsoron mutum, ka sa tsoronka a zuciyata. Cikin sunan Yesu, Amin.