Jama'a na Tafi, Mawaƙi na Kuka

Karatu: 1 Sama'ila 16:14-23, 1 Sarakuna 19:1-18

A watan Maris na shekarar 2018, a wata kotun tarayya da ke birnin Niyok na ƙasar Amurka, wani lauya ya roƙi alƙali ya yarda a sa waƙa kafin a yanke hukunci. Alƙali ya amince. Wanda ake wa shari'ar ƙin biyan haraji shi ne ya rera waƙar shekara 20 kafin ranar, kuma abin da ke cikinta tarihin rayuwarsa ne: wahalar ƙuruciya, zaman titi, ƙwaya, da yunƙurin tashi bayan kowace faɗuwa. Da aka gama saurare, aka yanke masa ɗaurin shekara guda. Sunan mutumin Earl Simmons, amma duniya ta fi saninsa da DMX, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan rap, wato abin da matasa ke kira gambarar zamani.

Miliyoyin mutane sun ji wannan waƙa tun 1998. Sun saye ta, sun haddace ta, sun yi tafi. Kuka ne mutumin yake yi, amma da yake kukan ya zo da kiɗa mai daɗi, sai aka ɗauke shi abin nishaɗi. Wannan darasi ne da ya kamata kowane gidan masu bi ya tsaya a kansa.

Titin da ya haifi waƙar

Waƙar rap ta samo asali ne a unguwar Bronx ta birnin Niyok, wajen shekarar 1973, a tsakanin matasa baƙaƙen fata 'ya'yan talakawa. Cikin shekarun 1980 wani nau'in hodar iblis mai arha, wanda ake zuƙa kamar taba, ana kiransa kirak, ya mamaye irin waɗannan unguwanni. A 1986 majalisar Amurka ta yi doka cewa wanda aka kama yana fataucin giram 5 na kirak zai sha ɗaurin akalla shekara 5, daidai da wanda aka kama da giram 500 na hodar da masu hali suka fi sha. Sai a 2010 aka sassauta wannan bambanci. Kafin nan gidajen yari sun cika da maza baƙaƙen fata, yara da yawa kuwa sun tashi ba uba a gida.

Yaron da gida ya kasa riƙewa, titi ne ke renonsa, kuma titi yana da tasa koyarwa. Namiji ba ya kuka. Wanda ya nuna tsoro ya zama nama. Yaro yakan ga an harbe abokinsa da yamma, kashegari ya fito kamar ba abin da ya faru. Ga irin wannan yaro, waƙa ita ce ƙofa guda da aka bar masa a buɗe: abin da ba zai iya gaya wa ɗan'uwansa ido da ido ba, yana iya faɗinsa a kan kiɗa, har a biya shi. Sai dai suna ba ya raba mutum da titi nan take. An harbe Tupac Shakur a 1996 yana da shekara 25, aka harbe Notorious B.I.G. a 1997 yana da shekara 24.

Yaron Yonkers

An haifi Earl Simmons a 1970, ya girma a garin Yonkers kusa da Niyok. Mahaifinsa bai rene shi ba. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin dukan da ya sha a gida, da yadda aka kai shi gidan renon yara maza, da yadda ya riƙa kwana a titi, karnukan da ba su da masu su ne abokan hirarsa. A wata hira da aka yi da shi a 2020, ya faɗa yana hawaye cewa yana ɗan shekara 14 wani babba da yake ɗauka kamar yaya, wanda ya koya masa harkar waƙa, ya miƙa masa naɗin wiwi da aka cusa wa kirak, bai sani ba. Hannun da ya nuna masa baiwarsa shi ne ya ɗaura masa sarƙa.

A 1998 ya fitar da kundin waƙoƙi biyu, kowanne ya hau matsayi na ɗaya a kasuwar waƙa ta Amurka. Kundinsa biyar na farko duka haka suka yi. Amma ya ci gaba da shiga kurkuku yana fita, yana zuwa gidajen jinyar masu shan ƙwaya yana komawa ruwa. Ya kuma bayyana cewa yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira baifola, wanda ke lilo da mutum tsakanin kuzari mai wuce iyaka da baƙin ciki mai nauyi.

Abin da zai ba mai bi mamaki shi ne addu'a. Ya saba sa addu'a cikin kundin waƙoƙinsa, yakan kuma tsaya a dandali gaban dubban mutane ya yi kira ga Yesu, wani lokaci da hawaye. Ya sha faɗin burinsa na zama mai wa'azi. Ya rasu ranar 9 ga Afrilu, 2021, yana da shekara 50, mako guda bayan zuciyarsa ta buga. Hukuncin ransa yana hannun Allah mai jinƙai. Abin da ya rage wa masu rai shi ne su tambayi kansu: me ya sa kukan da duniya duka ta ji bai kai shi ga warkewa ba?

Garayar Dawuda

Littafi Mai Tsarki ya san wannan al'amari. Sa'ad da hankalin sarki Saul ya tashi, fadawansa suka nemo masa saurayi gwanin garaya. Dawuda yakan kaɗa, Saul ya sami sauƙi. Amma sura biyu kacal a gaba, Dawuda na cikin kaɗa garayar nan Saul ya jefe shi da mashi. Kiɗa ya kwantar da zafin na ɗan lokaci, tushen ciwon kuwa yana nan.

A nan sai a yi hattara. Damuwar Saul tana da nata dalili da Nassi ya bayyana, kuma kuskure ne babba a ce duk mai ciwon ƙwaƙwalwa Allah ne ya yashe shi. A Yohanna sura 9 Ubangiji Yesu ya ƙi yarda a ɗora makantar wani mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa. Abin koyo daga Saul guda ne: sauƙi daban, warkewa daban. Waƙa, tafi, kuɗi, har da ƙwaya, duk suna iya rufe bakin miki, amma mikin da aka rufe ba a wanke ba ruɓa yake yi daga ciki.

Dalilin shiru

Mazan baƙar fata na Amurka suna da dalilan da suka sa suke gudun likita. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta gudanar da bincike a Tuskegee, inda aka bar maza baƙaƙe kusan 400 da ciwon tunjere ba magani, don kawai a ga yadda ciwon ke cin jiki. Wannan tabo bai goge ba. Ga tsadar jinya, ga ƙarancin likitoci baƙaƙen fata a wannan fanni, ga kuma wasu ikkilisiyoyi da ke ce wa mai damuwa bangaskiyarsa ce ta yi rauni.

Duk da haka, daga cikin mawaƙan kansu aka fara karya shirun. A 2016 Kid Cudi ya sanar cewa ya kai kansa jinya saboda matsananciyar damuwa da tunanin kashe kansa. A 2017 Jay-Z ya faɗa a fili cewa yana ganin masanin da ke ba da shawara kan damuwar zuciya. A 2022 Kendrick Lamar ya gina kundi guda a kan irin wannan jinya da raunukan da ake gada daga iyaye. Lecrae, mawaƙin rap Kirista, shi ma ya yi rubutu kan damuwar da ta same shi yana tsakiyar shahara. A Nijeriya ma, M.I Abaga, wanda aka haifa a Jos, ya fitar da kundi a 2018 kan damuwa da darajar kai. Samarin da ke zaune a kujerun baya na majami'u suna jin waɗannan muryoyi a wayoyinsu, wasu kuwa suna jin su ne domin sun yi daidai da abin da ke cikin zuciyarsu.

Gurasa da tulun Iliya

Annabi Iliya ya tsaya a Dutsen Karmel gaban taro, wuta ta sauko, jama'a suka fāɗi rubda ciki. Ba a jima ba sai ga shi ya bar baransa a baya, ya shiga jeji shi kaɗai, yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Babban bawan Allah ke nan, kuma bayan babbar nasara.

Allah bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi, ya ba shi gurasa da tulun ruwa, har sau biyu. A Horeb Ubangiji ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya bar shi ya zazzage cikinsa, ya sake tambayarsa. Sa'an nan ya nuna masa cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya ba shi aiki, ya ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Jiki, kunne, zumunci da aiki: da waɗannan Allah ya yi jinyar annabinsa.

Akan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma riƙe sirri hali ne mai kyau. Amma ba a yi cikin ɗa namiji don ya zama kabarin baƙin ciki ba. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru. A Getsamani ya gaya wa almajirai uku nauyin da ke ransa, ya nemi su zauna tare da shi. Uban da ke hana ɗansa hawaye yana neman ɗan ya fi Ubangijinsa jarumtaka.

Saboda haka, uban da ya ji ɗansa yana maimaita waƙa mai duhu, kafin ya ƙwace wayar, ya zauna ya tambaye shi abin da yake ji a cikinta. Uwar da ta ga barci ya ƙaurace wa ɗanta, ya daina cin abinci, ya janye daga abokai, ko yana maganar mutuwa, kada ta jira. Dattawan ikkilisiya su lura da manyan da ke jan yara a jiki, gama wanda ya ba Earl ƙwaya ba baƙo ba ne. Fasto ya yi addu'a, ya kuma raka iyalin asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri, Yaba da Abeokuta. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, bai ga saɓani tsakanin bishara da magani ba. Wanda ya warke ya sake faɗuwa kuma, kada a rufe masa ƙofa, gama sau biyu mala'ika ya zo wa Iliya.

Ubangiji ya ba ikkilisiyarsa kunnen da ke jin kuka ko da ya zo cikin kiɗa, ya kuma ba 'ya'yanta maza ƙarfin halin faɗin inda ke musu ciwo. Amin.